Sawu a Kan Tangaran

Ranar Juma'a da hantsi Dalal ta buɗe dulab ɗin mahaifiyarta, kabet ɗin gilashin da ke falon sama, don ta fara naɗe farantai a cikin auduga. Ta ƙirga su, goma sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa da yatsa. A jere na sama, can ƙarshen dama, ɗan katakon da ake jingina faranti yana tsaye shi kaɗai.

Kafin a kira sallah labari ya gama lungun. Duk unguwar Hindawiyya da ke Jidda an san farantan Hajiya Mastura: tangaran ne na Faransa, zanen hannu, guda goma sha biyu, waɗanda ta shekara arba'in da ɗaya tana haɗawa. An kuma san ta yi alkawarin su ga jikarta Lama, 'yar Dalal, wadda za a kai ɗakin mijinta a Dammam ranar Lahadi. Jiya Alhamis gidan ya wuni cike da mata 'yan shirin biki, amma da aka zo zargi ba a waiwayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowa Fatu ya kalla.

Fatu 'yar Gusau ce, ta zo umra ta zauna, wata biyu kenan tana shara da wanke-wanke a gidan. Ga shi kuma Dalal ta tsinci ɓallin tangaran a lungun matakala, da guntun ganye kore a jikinsa da bakin zinare.

"Ta fasa ta ɓoye, halas," in ji Dalal. "Ko ta faɗi gaskiya, ko in kira 'yan sanda."

Fatu ta durƙusa tana rantsuwa. Babu wanda bai san abin da zuwan 'yan sanda yake nufi ga wadda ba ta da takardar iƙama ba. Ba za ta ƙara kwana a Jidda ba sai a ɗakin tsaro, daga nan sai jirgi.

Hajiya Mastura tana zaune a kan darduma. Shekarunta saba'in da takwas, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Ta ɗaga hannu.

"Ba za a kira kowa ba sai Kawu Zaharadden ya tako gidan nan."

"Ya Ummi, mai asuwaki?"

"Shi."

Dalal ta yi tsaki a hankali. "Ɗayyib. Zuwa gobe La'asar. Daga nan ba ruwana."

*

Kawu Zaharadden a ƙofar masallaci yake sayar da asuwaki, amma ba shi ne ainihin sana'arsa ba. A wani ƙauye kusa da Tanut aka haife shi, a ƙasar Nijar, kuma tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa neman ɓatattun raƙuma. Ya yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu, don haka yana karanta Faransanci kaɗan-kaɗan. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya zo aikin hajji, Allah ya haɗa shi da kafili na kirki da ya tsaya masa, ya zauna. A Hindawiyya shi ya taɓa gano ragon layyar da aka sace, da wata tsohuwa mai mantuwa da ta fita daga gida ba takalmi. Dogo ne siriri, yana tafiya idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Bayan an sauko Juma'a ya iso. Ya tsaya a gindin matakala bai hau ba.

"Mata nawa suka taka nan jiya?"

"Sun fi hamsin," in ji Dalal.

"To ƙasa ta mutu. Amma bango ba a taka shi."

Ya hau a hankali yana bin farin bangon da ido. A inda matakalar ta yi kwana ya tsaya. Akwai wani baƙin layi siriri a daidai kugun mutum, ya taho daga sama yana gangarowa, yana yankewa yana sake kamawa a kowane mataki. Ya murza shi da yatsa, ya shinshina. Roba ce. Ya auna tsayinsa daga ƙasa da taƙin hannu. Ya karɓi ɓallin tangaran daga hannun Dalal ya sa a aljihu.

Da ya shiga falo ya ga dulab ɗin, sai ya manta da gaisuwa.

Shi dai tangaran ya san shi, faɗi-ka-mutu, abin da ake jera wa amarya. Bai taɓa ganin irin wannan ba. Kowane faranti tsuntsu ɗaya ne a kan reshe ɗaya: ga kurciya a kan ɓaure, ga tsattsewa a kan inabi, ga wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da bai san sunansa ba. Fari ne kamar nonon da aka tatso yanzu, launin kuwa kamar a cikin farin yake, ba a kansa ba. A kan ƙwayar inabi ɗaya akwai ɗigon raɓa. Har ya miƙa hannu zai share shi kafin ya tuna akwai gilashi a tsakani.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce. "Hajiya, ɗan Adam ne ya yi wannan?"

Hajiya Mastura ta yi murmushi, karo na farko a ranar. "Ka zauna, Kawu. Innata ta yi shekara talatin tana girki a gidan wani attajiri a cikin Balad, tsohon garin Jidda. Da gidan ya watse, aka raba kaya, uwargidan ta ba ta faranti ɗaya, mai alhudahuda a kan reshen rumman. Inna ta ce min su goma sha biyu ne, ita ke wanke su. Da ta rasu na ɗaura niyya. Wani na same shi a haraj, kasuwar gwanjo, wani a gidan gado a Makka, wani wata mata tana zuba wa kyanwa madara a ciki. Na ƙarshe sai da na yi shekara tara ina jiran mai shi ya yarda."

"Wanne ne ya ɓata?"

"Na Inna. Alhudahudan."

*

Ya sami Fatu a madafa, idonta ya kumbura.

"Kawu, wallahi ko goge gilashin ba a bari in yi. Makulli a wuyan Hajiya yake kwana."

"Wa take ba wa?"

"Anti Dalal. Sai Ustaz Abdulghaffar, abokin marigayi maigidan Hajiya, da yake zuwa duk Alhamis bayan La'asar. Ya sha shayi, ya buɗe ya duba su, ya yi ta ba ta tarihi. Jiya ma ya zo da jakar littattafansa, amma bai daɗe ba saboda hayaniyar mata. To daga nan makullin a jikin dulab ya zauna har dare, Hajiya ta manta da shi."

"Wane namiji kuma ya shigo?"

Fatu ta sunkuyar da kai. "Fawaz, ɗan ƙanen Hajiya. Shi ya kawo kujerun haya. Na ji shi yana ɗaga murya, wai bai kamata a ba yarinya irin wannan kaya ba, wai yana da masu saye a Riyad."

Kujeru, in ji Kawu a ransa. Kujera kuwa da roba a ƙafarta.

*

Harajin Sawarikh ranar Juma'a da yamma ba masaka tsinke. Kawu ya ratsa tsakanin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki da tulin dardumomi har ya isa rumfar Fawaz, inda yake sayar da tsofaffin agogo da butocin gahawa da kofuna. Fawaz a Jidda aka haife shi, Hausarsa da Larabci take tafiya.

"Ya Ammi, ni ma an sa ni a ciki? Na faɗa mata, eh, haram ne a kai su Dammam a hannun wadda ba ta san su ba. Amma in saci ɗaya? Goma sha biyu a haɗe su ne dukiya. Wanda ya raba su ba ɗan kasuwa ba ne, mahaukaci ne."

"Kujerun da ka kai, ka hau da su sama?"

"A tsakar gida na ajiye. Fararen roba ne, ka je ka gani."

Kawu ya gyaɗa kai. Fari ba ya barin baƙin layi.

"Ka nuna min, ɗana. Ta yaya ake gane na gaske?"

Nan Fawaz ya saki fuska, don an taɓo inda ya iya. Ya ɗauko wani ɗan kofi, ya kunna fitilar wayarsa, ya kifa kofin a kai. Kofin ya kama haske gaba ɗaya kamar farin wata, har inuwar yatsun Fawaz ta bayyana ta cikinsa.

"Ka gani? Laka ce, amma haske yana ratsa ta. Wannan shi ne Limoj."

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya zaro ɓallin daga aljihu. "Gwada min wannan."

Fawaz ya ɗora shi a kan fitilar. Babu abin da ya ratsa. Ya juya shi, ya kankare gefen da farce, ya yi dariya.

"Daga ina ka samo? Wannan farantin gidan abinci ne, an buga masa hoto da inji. Ba shi da dangi a dulab ɗin Ammati, gwaggona."

"A matakalar Ammatinka aka tsince shi," in ji Kawu.

Dariyar Fawaz ta tsaya.

*

Washegari da safe Kawu ya tafi unguwar Kurayyat, gidan Ustaz Abdulghaffar. Dattijo ne fari tas, mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya yi shekara talatin yana tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, ya rage sai shi da kofuna da farantai cike da bango biyu. Ya taso da sandarsa ya tarbi baƙo.

"Na ji abin da ya faru. Ban yi barci ba."

"Ustaz, ni jahili ne a wannan fanni. Ba na iya bin dabbar da ban san halinta ba. Ka sanar da ni."

Idon dattijon ya kawo haske. Ya jingina sandar a gefen kujera.

"Da can Turawa ba su iya yin sa ba, daga Sin suke saye. Sun yi shekaru aru-aru suna neman sirrin. Ana ba da labari cewa wata matar likita ce a wani ƙauye kusa da garin Limoj take wanki da wata farar laka. Aka gwada lakar, ashe ita ce. Shekara ɗari biyu da hamsin kenan da ɗoriya. Na je garin sau ɗaya, ya Kawu. Na shiga cikin tsohon murhun, ginin bulo ne kamar hasumiya. Kwana da kwanaki ake hura masa wuta, zafin da zai narkar da tagulla ta zama ruwa. In an buɗe, wani ya tsage, wani ya lanƙwashe. Wanda ya tsira shi ake kai wa masu zane."

Ya ɗauko faranti ya kifa shi. "Ka iya karatun lakwal. Duba."

"Limoges, France," Kawu ya karanta a hankali. "Hatimi biyu ne, kore da ja."

"Koren na waɗanda suka gasa lakar ne, jan na gidan zane. Masu zanen kuwa da yawansu mata ne, ba wanda ya rubuta sunansu. Su zauna a jere gaban taga daga safe har rana ta faɗi. Ga abin da ke hana ni barci: launin da take shafawa ba shi ne launin da zai fito ba. Wannan ja mai haske, kafin ya shiga wuta kamar taɓo yake. Zinaren nan baƙi-baƙi ne, sai an gasa a goge shi da dutse. Wato tana zana abin da ba ta gani. A cikin kanta take ganinsa, ta miƙa wa wuta, ta jira."

Kawu ya ɗago kai. "Kamar mai shuka."

"Kamar mai shuka. Daga nan a naɗe shi a ciyawa, a sa a jirgi, ya ratso mashigin Suwais, ya sauka a nan Jidda a kan raƙumin dako. Shekara ɗari da ashirin, bai fashe ba. Ni ina da sittin da uku, amma duk in ka haɗa su ba su kai na Mastura guda ɗaya ba. Littafi ma nake rubutawa a kansu. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya da fitila ta musamman."

"Allah ya sa ka gama lafiya," in ji Kawu. "Hajiya ta ce ka zo bayan La'asar."

*

Kafin azahar ya koma Hindawiyya. Ya roƙi Hajiya ta bar shi ya fito da farantan, ya jera su a kan shimfiɗa gaban tagar katako inda haske ke shigowa a karkace. Ya ari madubin da take karatu da shi kafin idonta ya tafi. Dalal tana tsaye a kansa ta harɗe hannu.

Ya karkata na farko, sai ya ga sawu. Buroshi ma yana da sawu kamar kowace halitta: inda ya sauka, inda ya ja, inda aka ɗauke shi. Ya manta da Dalal, ya manta da sata. Ya fi sa'a guda yana bi daga gashin tsuntsu zuwa jijiyar ganye.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "hannu ɗaya ne ya yi su, kuma bahaguwa ce. Duk layinta daga hagu yake gangarowa. Waɗannan huɗun tana da ƙuruciya ta yi su, ja ɗaya take yi ba ta komawa. Wannan kuwa ta manyanta. Ga shi ta fara dafa hannu, ga inda ta riƙe numfashi kafin ta sa idon tsuntsu. A wannan idonta ya soma rauni, tana kauri da layi, amma ta ƙara sanin inda za ta tsaya. Ba a shekara ɗaya aka yi su ba. Attajirin nan ya daɗe yana aikawa ana ƙaro masa."

Hajiya Mastura ta rufe baki da gefen mayafi. "Shekara arba'in ina zaune da ita ban san bahaguwa ba ce."

Kawu ya ɗauki na gaba, mai kurciya. Ya karkata shi. Ya sake karkatawa. Babu sawu. A ƙarƙashin madubi ƙananan ɗigo ne jere kamar ƙwan kifi. Ya ɗaga shi ga taga, haske bai ratsa ba. Ya ware shi gefe. Kafin ya gama ya ware uku.

Ya kifa su ya duba ƙurar da ta kwanta a gindinsu, ya gwada da ta sauran.

"Yaushe aka wanke su na ƙarshe?"

"Sau ɗaya nake wankewa a shekara, a watan Sha'aban. Wata tara kenan."

Ya dubi Dalal. "Ki kira Fawaz. Fatu ma ta hau."

*

Bayan La'asar suka haɗu a falon: Hajiya a kan dardumarta, Dalal a gefenta, Fawaz a bakin ƙofa, Ustaz a kujera da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Fatu a rakuɓe kusa da bango.

"Ba faranti ɗaya aka sace ba," in ji Kawu. "Huɗu ne."

Dalal ta miƙe tsaye. Ya nuna mata ukun, ya sa Fawaz ya haska su. Duhu.

"An daɗe ana ɗauke na gaske ana ajiye na inji, waɗanda aka buga wa hoton na gasken. Ƙurar wannan ta kai wata shida, wannan huɗu, wannan uku. Fatu watanta biyu a gidan nan. Ɓallin da aka tsinta kuma ba na alhudahudan Hajiya ba ne, na jabunsa ne. Mai shi ya taho da shi ranar Alhamis, ya fashe masa a matakala kafin ya iso sama. Da wata rana ce da ya haƙura ya sake yin wani. Amma ranar Lahadi kaya za su tafi Dammam, sai ya ɗauka ya bar gurbi."

"Wane ne?" in ji Dalal. Idonta yana kan Fawaz.

"Ina zuwa. Akwai abu ɗaya da nake so in tabbatar a hasken tsakar gida." Ya ɗauki farantin mai tsattsewa da inabi, na gaske, ya miƙa wa Ustaz. "Hannuna rawa yake yi. Kai ka saba da su, ka saukar mana da shi."

Ustaz ya miƙe. Ya dubi farantin, ya dubi sandarsa. Ba ya iya riƙe irin wannan da hannu ɗaya, jikinsa ma ba zai yarda ba. Ya cusa sandar a hammata, ya karɓa da hannu biyu, ya rungume shi a ƙirji, ya fara sauka. Suna tsaye a sama suna kallo. Da ya iso kwanar, baƙar robar da ke bakin sandar ta taɓa bango ta baya, ta ja layi, ta yanke, ta sake kamawa a mataki na gaba. Sabon layin ya hau kan tsohon kamar an auna.

Ya ji ƙarar gogar. Ya tsaya cak. Bai juyo ba.

"Ka hau da shi a hankali, Ustaz," in ji Kawu. "Kada ya faɗi."

Ya hau. Ya ajiye farantin a kan shimfiɗa da hannu biyu, sannan ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

"Ban sayar ba," ya ce. "Wallahi ko ɗaya ban sayar ba. Suna ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin haramina."

"Ya Ammi!" in ji Dalal. "Kai da ka ɗauke ni ina jaririya?"

"Na ce a raina, Mastura ba ta ganinsu kuma. Ni ina gani. Na ce zan riƙe ɗaya kwana kaɗan in mayar. Da na kwana da shi a ɗakina, na kasa. Da na ji za su tafi Dammam..." Ya dubi farantan da ke kan shimfiɗa. "Alhudahudan ba kamar sauran ba ne. Ba zan iya faɗa muku ba, sai kun gani."

Hajiya Mastura ta juya fuskarta inda muryarsa take.

"Jiya da safe ka ji an kama yarinyar nan?"

"Na ji."

"Ka san inda za a kai ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Fawaz, ka kai shi a mota ya ɗauko farantan. Yalla."

*

Kafin Magariba suka dawo. Ustaz ya warware farin haramin da kansa. Ya ɗauko mai alhudahudan, ya kifa shi, ya nuna wa Kawu wani wuri kusa da jan hatimin.

Kawu ya kai madubi. Ɗan tabo ne ja-ja, bai kai ƙwayar wake ba. Ya matso da shi ga taga, sai layuka suka fito, zagaye cikin zagaye. Zanen babban yatsa ne, na hagu, ƙarami. Ta riƙe farantin da launi a yatsanta, ba ta lura ba, wuta kuma ta gasa shi tare da tsuntsun. Har da ɗan tabon yanka a tsakiyarsa.

Kawu ya taɓa bin sawun raƙumi na kwana goma, mahaifinsa ya taɓa bin na wata guda, ana ba da labarinsa har Agadas. Yau ga sawun shekara ɗari da ashirin, sabo kamar yanzu ta ɗauke hannu. Ya ajiye madubin, ya share ido da hannun riga.

"Ba ta rubuta suna ba," ya ce, "amma ga ta nan."

"Ba ni," in ji Hajiya.

Aka ɗora mata shi a cinya. Ta shafa bakin zinaren, ta gangara ciki, yatsunta suka tsaya a kan tukun alhudahudan inda launi ya ɗan yi tudu. Ta ce a ba ta mai kurciya, na gasken. Ta shafa shi ma. Ta sake shafawa.

"Wata shida," ta ce. "Duk Juma'a nake buɗewa in shafa su, tunda ido ya tafi. Sai na zo kan kurciyar nan na ji santsi, babu gashi, babu ganye. Bayan wata biyu na ji wani ma haka. Na ce wa kaina, Mastura, ido ya tafi, ga yatsu sun bi shi. Na yi kuka ni kaɗai, ban faɗa wa ko Dalal ba, don kada a ce tsohuwa ta ƙare. Wannan ka sata, Abdulghaffar. Farantin ai ga shi ya dawo."

Ustaz ya kifa fuskarsa a tafin hannu.

"Ba za a kira 'yan sanda ba, don darajar maigidana da ke kabari. Amma ba ni za ka fara roƙo ba."

Dattijon ya ja jiki a kan gwiwa har gaban Fatu. Ya roƙe ta gafara. Fatu ta kalli Hajiya, ta kalli ƙasa, ta ce ta yafe saboda Allah. Dalal ma ta matso ta kama hannunta, ta ce, "Ki yafe min, 'yar'uwa," da Hausar da ba ta cika yi ba.

"Zo nan, Fatu," in ji Hajiya. "Kusa."

Ta lalubo hannun Fatu, hannun da omo ya farfasa, ta kama yatsa ɗaya ta ɗora a kan fiffiken kurciyar, ta ja shi a hankali daga hagu zuwa dama.

"Kin ji?"

"Na ji, Hajiya. Kamar gashi na gaske."

"Ni ma na ji," in ji tsohuwar, tana dariya hawaye na zuba. "Ashe da raina."